Daga Alƙalamin Gamba Zuwa Babban Yatsa

Tun da aka fara rubuta Hausa, ba a taɓa rubuta ta da yawa kamar yadda ake yi a yau ba. Mai shayi yana aika wa mai kawo masa burodi saƙo, uwargida tana tallar turaren wuta a Facebook, direban tirela da ya kwana a Legas yana rubuto wa iyalinsa a Gusau, yarinya a ɗakin mahaifiyarta tana rubuta littafi sukutum da babban yatsa. A daidai wannan lokacin ne kuma kukan iyaye da malamai ya fi tsanani, cewa yara sun bar karatu, rubutu kuma ya lalace. Duka maganganun biyu suna da ƙamshin gaskiya. Abin da nake gani shi ne, waya ba ta rage yawan masu karatu ba, ƙara su ma ta yi. Mutum biyu ne ta cire daga tsakanin marubuci da mai karatu: wanda ke gyara rubutu kafin ya fita, da wanda ke adana shi bayan ya fita. Kafin a gane girman wannan giɓi sai an koma baya an dubi yadda kowane kayan aiki ya horar da hannu da ido da kunnen Bahaushe.

A fara da allo. Katako ne ɗan madaidaici, alƙalaminsa karan gamba da aka fiƙe, tawadarsa gawayi ko baƙin tukunya da aka dama da ƙaro. Allo ba ya ɗaukar rubutu mai yawa, kuma guda ɗaya almajiri yake da shi. Saboda haka duk abin da aka rubuta a kansa dole ya koma cikin kai kafin a wanke a yi sabon rubutu, kuma ba a wankewa sai an je an biya wa malam ya saurara ya yarda. Ƙarancin wurin rubutu shi ya gina haddar da muke alfahari da ita. Haka kuma shi ya sa karatu a tsangaya bai taɓa zama aikin mutum ɗaya shiru a lungu ba. Da murya ake yi, a gaban wani, kuma wannan wanin yana da ikon cewa sake. Ko alaramman da ya kai ga rubuta Alƙur'ani da ka, sai ya miƙa wa 'yan'uwansa mahaddata sun bi shi ɗigo bayan ɗigo kafin a ce ya kammala.

Takarda kuwa abu ce mai tsada. Mafi yawan wadda malaman ƙarni na 19 suka yi rubutu a kai daga Italiya take, ta biyo ta Tarabulus ta ratso Sahara a kan raƙuma, kuma idan aka ɗaga ta a haske za a ga tambarin jinjirin wata uku. Wanda ya sayi irin wannan takarda ba zai ɓata ta da maganar banza ba. Ba a ɗinke littafi, warwara ake barin sa a cikin gafaka, sai mai kwafi ya rubuta kalmar farko ta shafi na gaba a ƙasan kowane shafi don kada tsari ya rikice. Kwafi ɗaya yakan ci makonni ko watanni. To, idan malami yana da saƙon da yake son ya kai ga dubban mutane, kwafi kuma bai wuce 'yan ƙalilan ba, yaya zai yi? Sai ya zuba shi a waƙa. Wannan shi ne babban dalilin da ya sa mafi yawan abin da magabata suka bari da Hausar ajami waƙe ne. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta gane wannan sarai: ta tsara waƙoƙi, jajoji, wato malamai mata da ta horar, suka hardace, suka koma ƙauyuka suka koyar da ɗalibansu mata, 'yan taru. Takarda ɗaya a Sakkwato ko Wurno, amma bakuna ɗaruruwa suna ɗauke da abin da ke cikinta. A ƙarni na 20 ma, Aliyu Namangi na Zariya makaho ne, bai ga baƙi ko ɗaya na waƙarsa Imfiraji da idonsa ba, amma waƙar ta zaga ƙasar Hausa, a takarda da kuma a bakin masu rera ta.

Karatun zaure ya tafi a kan wannan turba. Ɗalibi ya buɗe Ahalari ko Iziyya ko Risala, ya ja Larabcin, malam ya fassara masa gaɓa-gaɓa, gobe ya dawo ya maimaita. Littafi ba ya zuwa shi kaɗai, da malaminsa yake zuwa, malamin ma yana iya faɗin wurin wanda ya ɗauka.

Boko ya zo da wata ɗabi'a dabam, domin tare da injin ɗab'i da tafireta ya zo. Hanns Vischer, wanda Kanawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa a 1909, ya kuma fitar da ƙa'idojin rubutun Hausa da baƙaƙen Turawa a 1912. Cikin dalilan da suka sa gwamnatin mulkin mallaka ta fifita boko a kan ajami har da sauƙin aiki ga jami'anta da kayan bugun da ke hannunsu. An yi asara a nan wadda ba a cika ambata ba. Ajami yana nuna dogon wasali da gajere, boko ya bar mai karatu ya cinta daga yanayin magana. Sautukan da Turanci ba shi da su kuma suka zama matsala tun ranar farko: an fara da sa ɗigo a ƙarƙashin baƙi, daga baya a shekarun 1930 aka tsaya a kan baƙaƙe masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ. Waɗannan baƙaƙe uku sun sha wahala a hannun sababbin injunan da suka biyo baya, domin galibinsu ba a ƙera su da tunaninsu ba.

Hukumar Talifi ta Zariya a ƙarƙashin Rupert East ita ta shirya gasar 1933, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da shi East. Sai da East ya yi yawo yana lallashin malamai, domin a ganinsu tatsuniya da ƙagaggen labari ba abin da za a ɓata wa takarda ba ne. Injin ɗab'i ne ya sa zube ya samu gindin zama. Idan ana iya fitar da kwafi dubu iri ɗaya cikin kwanaki, babu sauran buƙatar a ɗaure magana da amsa-amo don gudun mantuwa. Mutum yana iya zama shi kaɗai ya bi labari mai tsawo da ido, ya ajiye, gobe ya ci gaba. Magana Jari Ce ta biyo baya a ƙarshen shekarun 1930, sannan a watan Janairun 1939 Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa, Imam yana editanta. Duk da haka kunne bai bar wurinsa ba. Kwafi ɗaya na Gaskiya yakan shiga gari, a taru a gindin bishiya ko ƙofar fada, malamin makaranta ko akawu ya karanta wa jama'a.

Babban abin da wannan zamani ya kafa shi ne edita. Kafin rubutu ya fito sai ya bi ta teburin wani wanda zai daidaita ƙa'ida, ya raba kalmomi, ya soke abin da bai zauna ba. Daidaitacciyar Hausar da muke koyarwa yau a wannan tebur aka sassaƙa ta, a kan karin harshen Kano. Kamfanin Gaskiya da aka kafa a 1945, da hukumar NORLA a shekarun 1950, da kamfanin ɗab'i na NNPC daga 1966, duk sun gaji wannan aiki. Wanda ya karanta littattafan lokacin zai ji tsaftar harshe da ba a samu da arha ba. Sai dai kada son baya ya rufe mana ido. Ƙofar ƙunci gare ta. Ofis ɗaya a Zariya ke yanke abin da miliyoyin mutane za su karanta, littattafan da ke fitowa a shekara ba su taka kara sun karya ba, Sakkwatanci da Katsinanci da Hausar Damagaram suka koma gefe, mata kuwa kusan babu su sam. Sai a 1980 So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed ya fito. Ga kuma wani ciwo da har yau bai warke ba: a zamanin Yaƙi da Jahilci, malamin da ya sauke Alƙur'ani, yake karanta Muhtasar, yake rubuta wasiƙa da ajami, sau da yawa cikin marasa ilimi ake lissafa shi saboda bai san abacada ba. Hayaniyar da ta tashi a 2007 lokacin da Babban Bankin Nijeriya ya cire ajami daga ƙananan takardun naira, ta kuma sake tashi a 2014 a kan sabuwar naira ɗari, daga wannan tsohon miki take.

Inji bai kashe rubutun hannu nan take ba, har ma ya taimake shi na wani lokaci. Da aka samu fasahar ɗaukar hoton shafi a buga shi yadda yake, sai Alƙur'anan da gwanaye irin su Sharif Bala na Kano suka rubuta da hannu suka yaɗu ko'ina, haka ma ƙananan littattafan waƙoƙin ajami da ake sayarwa a Kasuwar Kurmi da ƙofofin masallatai. Amma yawan bugu yana da rinjayensa. Tsangayunmu a ruwayar Warshu suka tashi, da irin rubutunmu mai kauri. Da Alƙur'anai bugun Misra da na Madina suka cika masallatai da Islamiyyu, sai ruwayar Hafsu ta mamaye birane, kuma galibin manhajojin waya a kanta suke buɗewa. Malamai ba su taru sun yanke cewa a sauya ba. Abin da ya fi samuwa a hannu shi yara suka tashi da shi.

Editan Zariya ya fara rasa kujerarsa tun kafin zuwan waya. Shirin ilimin firamare na bai-ɗaya da aka ƙaddamar a 1976 ya yaye ɗimbin matasa masu iya karanta Hausa, ciki har da 'yan matan da aka aurar da wuri suka shiga kulle da iliminsu. Sai kuma matsin tattalin arzikin da ya biyo bayan shirin SAP na 1986 ya karya darajar naira, takarda ta yi tsada, manyan kamfanonin ɗab'i suka tattara hankalinsu kan littattafan makaranta. Ga masu karatu, babu abin karantawa. Matasa suka ɗauki rubutunsu zuwa wurin masu tafireta, daga nan zuwa ƙananan maɗaba'u a Kano, su biya da kuɗinsu, su kai kasuwa da kansu. Talatu Wada Ahmed da Rabin Raina, Balaraba Ramat Yakubu da Budurwar Zuciya da Alhaki Kuykuyo Ne, Ado Ahmad Gidan Dabino da In Da So Da Ƙauna, Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa, da ɗaruruwa bayansu. Shagunan haya suka buɗe, littafi ɗaya ya zaga gidaje goma, gidajen rediyo suka riƙa karanta su ga wanda bai iya ba. A lokacin mai buga tafireta sai ya gama shafi sannan ya bi da biro yana lanƙwasa kawunan k da d da b, idan ya gaji ya bar su haka. Da kwamfuta ta shigo, sai da Abdalla Uba Adamu ya zauna ya ƙera wa Hausa salon baƙaƙe irin su Rabi'at kafin masu buga littattafai su samu sauƙi.

Masana sun yi ta muhawara a jaridu a shekarun 1990. Ibrahim Malumfashi ya kira abin Adabin Kasuwar Kano, yana kukan rashin inganci, wasu irin su Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu suka tsaya wa marubutan. A 2007 har an ƙona wasu daga cikin littattafan a bainar jama'a a Kano da sunan gyaran tarbiyya. Yau kuma waɗancan littattafan ne ake rubuta kundayen digiri a kansu, Alhaki Kuykuyo Ne ma an fassara shi zuwa Turanci an buga a Indiya a 2012. Ina kawo wannan ne don mai sukar rubutun waya ya yi hattara, kada ya maimaita hukuncin da aka yi cikin gaggawa. Kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, amma ita ma baran an yi kuka da ita.

Wayar salula ta GSM ta shigo Nijeriya a 2001. Saƙon tes guda ɗaya baƙaƙe 160 yake ɗauka, kuma kowane saƙo da kuɗinsa. Maɓallan wayar lokacin goma sha biyu ne, sai ka danna ɗaya sau uku ko huɗu kafin baƙin da kake so ya fito. Ƙari a kan haka, tsarin saƙon bai san baƙaƙe masu lanƙwasa ba: ko da wayarka tana da ƙ, sa ta sau ɗaya yana rage abin da saƙon zai ɗauka daga 160 zuwa 70. Ma'ana, rubuta Hausa daidai ya fi rubuta ta ba daidai ba tsada. Daga nan aka samu slm da lfy da ngd da gsky da wlh, aka jefar da wasula, aka manne kalmomi, z ta koma x a hannun 'yan gayu. Zamanin 2go da BlackBerry ya ƙara kafa wannan ɗabi'a. A Nijar kuma, inda makaranta da Faransanci take, sai ka ga an rubuta ou a madadin u, tch a madadin c, ta yadda ɗan Maraɗi da ɗan Katsina, da ke jin juna sarai a baki, sai sun ɗan tsaya kafin su gane saƙon juna.

Dalilin tsadar ya wuce tuni. WhatsApp ba ya ƙirga baƙaƙe, kuma allon rubutu irin Gboard yana da Hausa da ƙ da ɗ da ɓ duka, har da ƴ da Nijar ke amfani da ita. Amma ɗabi'ar ta zauna. Abin da ya fi damuna ba gajarce kalmomi ba ne, domin wanda ya rubuta lfy ya san lafiya yake nufi, kuma kowane harshe yana da rubutun gaggawa. Abin damuwar shi ne yaron da bai taɓa ganin daidai ɗin ba. Da can, ko makaranta ta gaza, jarida da littafi suna nuna masa yadda ake raba kalma. Yanzu kusan duk Hausar da idonsa ke gani a yini daga hannun wanda bai fi shi sani ba take, har allunan talla da rubutun ƙasan fim. Malaman Hausa a sakandare da kwalejoji suna ganin sakamakon a takardun jarrabawa: ɗalibi yana da labari mai daɗi a kai, amma bai san inda jimla ke ƙarewa ba.

A 2013 WhatsApp ya ƙara saƙon murya, kuma ba na jin akwai al'ummar da ta karɓe shi hannu biyu-biyu kamar tamu. Tsohuwar da a da sai ta nemi ɗan makaranta ko mai rubuta wasiƙa a bakin gidan waya, ta fallasa masa sirrinta kafin saƙo ya kai ga ɗanta, yanzu danna waya kawai za ta yi ta yi magana. Dama akwai lokacin da ake ɗaukar murya a kaset a ba alhazai su kai wa dangi a Makka ko Sudan, wannan ci gabansa ne. Rahama ce babba, ba na kuma yarda da mai raina ta. Sai dai ta ɗauke ɗaya daga cikin manyan dalilan da ke tura babba zuwa ajin yaƙi da jahilci. Mutane da yawa sun koyi karatu ne don su karanta wasiƙarsu da kansu. Wanda ya samu biyan wannan buƙata da murya yana iya ƙare rayuwarsa bai iya karanta takardar asibiti ko yarjejeniyar filin da ya sa wa hannu ba.

Inda abin ya fi armashi shi ne adabi. Littattafan Hausa sun bar kasuwar Sabon Gari sun koma cikin waya, kuma mafi yawan marubutan da masu karatun mata ne. Marubuciya takan rubuta shafi ɗaya ko biyu a yini, ta tura zauren WhatsApp ko Facebook ko Wattpad. Takan fara da shafukan kyauta, idan labari ya kama mutane sai ta tsaya ta ce daga nan na kuɗi ne: a tura 'yan ɗaruruwan naira a asusunta, a nuna shaidar biya, a shiga zaure na musamman. Babu kuɗin takarda, babu dillalin da zai riƙe mata kuɗi shekara guda, babu tafiya Kano. Matar da ke Gaya ko Tawa ko Kumasi, da goyo a bayanta, tana iya samun masu karatu a Jidda da Landan. A tarihin rubutun Hausa ba a taɓa buɗe ƙofa haka ba, kuma akwai masu baiwa ta gaske a cikinsu. Gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016 ta nuna haka, domin da yawa daga masu shigarta a waya suka koyi hannu.

Amma dubi yadda kayan aikin ke juya labarin kansa. Mai rubuta littafin takarda sai ya kai ƙarshe, ya koma farko ya gyara, ya ga inda ya yi tufka da warwara. Mai turawa kullum ba ta da wannan dama, shafin jiya ya riga ya fita. Masu karatu kuma suna tsaye a kanta da sharhi: wannan ta ce a kashe kishiya, waccan ta ce kada a raba masoya, idan aka yi kwana biyu ba a turo ba a fara ƙorafi. Dole kowane shafi ya ƙare a inda rai zai rataya, don a dawo gobe. Labarin da ke jan kuɗi ba a son ya ƙare, sai a yi ta ja har ya yi sanyi. Batsar da ake kuka da ita ma tana da alaƙa da wannan tsari, domin inda dubban labarai ke gasar ido ɗaya, abin da ya fi saurin fizgar ido shi ke cin kasuwa. Ta wani gefen wannan ya yi kama da dandalin tatsuniya, inda mai ba da labari ke kallon fuskokin masu sauraro yana sauya salo. Bambancin shi ne tatsuniya ta sha gyara a bakuna da yawa cikin shekaru masu yawa kafin ta iso gare mu. Ga kuma sata: a biya sau ɗaya a watsa wa duniya, ko a ɗauki littafi a karanta a YouTube ba da izini ba, wani lokacin har a cire sunan mai shi. Shi ya sa za ka ga marubuciya ta buɗe shafinta da Allah ya isa ga duk wanda ya fitar mata da littafi, domin ba ta da wata kotun da ta wuce wannan.

Shi ma mai karatu ya sauya. Allon da yake karatu a kai shi ne dai wanda saƙonni ke shigowa, da bidiyo, da kiran waya. Karatu ya zama tsinta-tsinta, a layin banki, a cikin A Daidaita Sahu, tsakanin girki da wanki. Mutumin da zai iya bin labari mai shafi ɗari biyu a gutsure, sai ka ba shi maƙala mai shafi goma da ke buƙatar ya riƙe hujja ta farko har ya kai ta biyar, ya ce ta yi tsawo. A fagen ilimin addini abin ya fi fitowa fili. Manhaja irin Maktaba Shamila ta sa dubban littattafai a aljihun ɗalibi, abin da manyan malaman da ba su mallaka ba a tsawon rayuwarsu. Yana iya rubuta kalma ɗaya ya ga duk inda ta fito. Amma wanda ya faɗo tsakiyar littafi ta hanyar bincike bai san abin da marubucin ya shimfiɗa a babin farko ba, bai kuma zauna gaban wanda zai ce masa ba haka ake fahimtar wannan ba. Daga nan sai a sauko kan saƙonnin da ake turawa zaure-zaure: hadisin da babu shi, maganin da zai warkar da kowace cuta, labarin rikicin da bai faru ba. Mutanenmu sun gaji girmama rubutu daga zamanin da duk abin da ke kan takarda sai da ya bi ta hannun malami ko edita. Girmamawar tana nan, tantancewar ce ta tafi, kuma wannan haɗi ya sha jawo asarar dukiya da lafiya.

Injin fassara ya ƙara nasa. Google ya sa Hausa cikin harsunan da yake fassarawa a 2013, yanzu kuma ga manhajojin da ke rubuta maƙala sukutum. Ana ganin sawunsu a wasu kafofin labarai: kalmomi na Hausa, ƙashin jimla na Turanci. Su waɗannan injuna daga abin da muka zuba a intanet suke koyo. Idan abin da muka zuba mara gyara ne, shi za su dawo mana da shi, yaro kuma ya ɗauka daidai ne tunda daga kwamfuta ya fito.

Maganar gyara tana da magani, kuma an fara: akwai ƙungiyoyin marubuta da ke duba wa junansu rubutu kafin a saki, akwai masu koyar da ƙa'idojin rubutu a zaurukan nan kyauta. Maganar ajiya ce ban ga wanda ya ɗauke ta da muhimmanci ba. Takardun ƙarni na 19 suna nan a Gidan Tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato, da Arewa House da gidan adana takardun tarihi na ƙasa a Kaduna, da cibiyar IRSH a Yamai, har Jami'ar Boston ta ɗauki hotunan rubuce-rubucen ajami da dama ta sa a intanet. Tsofaffin fitowar Gaskiya Ta Fi Kwabo ana iya nemo su. Littattafan Kano na shekarun 1990, duk da raunin takardarsu da wutar da aka cinna wa wasu, akwai masu tara su. Littafin da aka rubuta a zauren WhatsApp a 2017 fa? Waya ta faɗa ruwa, an sace ta, layi ya rufe, zaure ya watse, shi ke nan. Hatta manyan dandamali ba su da tabbas, OkadaBooks da marubutan Nijeriya da yawa suka dogara da shi ya rufe a 2023. Muna noma fiye da kowane zamani, amma ba mu gina rumbu ba.

Dokar Ɗakin Karatu na Ƙasa ta 1970 ta wajabta wa mai buga littafi a Nijeriya ya kai kwafi uku a adana. An tsara ta ne da tunanin takarda da maɗaba'a, kuma marubuciyar da ke Funtuwa da wayarta ba ta san da ita ba, ita ma dokar ba ta san da marubuciyar ba. Sassan nazarin Hausa a Bayero da Ahmadu Bello da Usmanu Danfodiyo da Abdou Moumouni su ne suka fi dacewa su fara tattara waɗannan rubuce-rubuce, da sunan mai su da shekarar da aka yi su, masu kyau da marasa kyau, tunda ba mu ne za mu yanke wa masu zuwa abin da zai yi musu amfani ba. Kayan aikin ba su da tsada, kwamfuta ce da ma'aji da mutum biyu ko uku masu haƙuri. Abin da zai fi wuya shi ne samun amincewar marubutan, waɗanda sata ta riga ta koya wa tsoron miƙa littafinsu ga kowa. Sai an zauna da ƙungiyoyinsu an rubuta yarjejeniya cewa abin da aka karɓa don ajiya ne da nazari, ba za a sake shi ga jama'a ba sai da izinin mai shi ko bayan wa'adin da aka amince da shi.